Masu Riƙe da Sirinji: Yadda Ake Horar da Masu Ciyar da Majinyata ta Bututun Ciki

Da ƙarfe shida na safe a hunturun Ingila gari bai waye ba, amma aiki ya riga ya kankama a gidajen kula da tsofaffi da naƙasassu. Ma'aikaciya za ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta gai da mai ɗakin da sunansa, ta wanke hannu, ta sa safar roba, ta ɗaga kan gadon har mutumin ya kishingiɗa. Sai ta ɗan yaye masa riga. Sama da cibiya, ta wajen hagu, ga wata siririyar roba ta fito daga cikin fata, kaurinta bai wuce na biro ba. Ta nan yake ci, ta nan yake sha, ta nan magani yake shiga. Wani ya shekara uku ko loma ɗaya ba ta bi ta maƙogwaronsa ba.

Wannan ma'aikaciya ba nas ba ce, ba ta kuma yi makarantar aikin jinya ba. Tana cikin mutane sama da miliyan ɗaya da rabi da ke aikin kula da manya a Ingila, masu yi wa mutum wanka, su sauya masa tufafi, su juya shi a gado, su ba shi abinci. Ba abin mamaki ba ne a tarar 'yar Najeriya ce. Tun daga watan Fabrairun 2022, lokacin da Birtaniya ta buɗe bizar wannan aiki ga 'yan ƙasashen waje, 'yan Najeriya suka shiga sahun gaba tare da 'yan Indiya da Zimbabuwe. An rufe ƙofar ɗaukar sababbi daga waje a watan Yulin 2025, amma waɗanda suka tafi suna can, daga cikinsu akwai 'yan Kano da Kaduna da Jos, wasu da digirin lissafi ko na aikin gona, yau kuma ga su riƙe da sirinji a gefen gadon wani dattijo.

Likita yana sa wannan bututu cikin minti ashirin ko talatin. Shekarun da ke biyo baya kuwa a hannun irin wannan ma'aikaciya suke. Abin da aka koya mata, da yadda aka koya mata shi, shi ke raba tsakanin mutumin da zai zauna lafiya a ɗakinsa da wanda motar asibiti za ta riƙa ɗauka duk wata.

Ƙofar da aka buɗe a ciki

Labarin huda tumbi ya fara ne da tsautsayi. A shekarar 1822, a tsibirin Makina da ke arewacin Amurka, bindiga ta tashi ta samu wani matashi mai fataucin fatu, Alexis St. Martin, a gefen ciki. Bai mutu ba, amma raunin ya warke ya bar rami da ke kaiwa har cikin tumbinsa. Likitan soja William Beaumont ya yi shekaru yana ɗaura guntun nama a zare, ya zura ta ramin, ya jawo bayan wani lokaci ya ga yadda ya narke. Ya buga sakamakon a 1833. St. Martin ya rayu har 1880 da raminsa, ya yi aure ya haifi 'ya'ya. Daga nan likitoci suka ga cewa mutum zai iya rayuwa da ƙofa a tumbinsa.

Buɗe ƙofar da gangan ne ya yi wuya. Likitan Faransa Charles Sédillot ya gwada a birnin Sitarasbog a 1849, majinyacin ya mutu, haka waɗanda suka biyo baya suka yi ta mutuwa har wajen shekarar 1875. A 1894 Martin Stamm ya fito da salon tiyatar da har yau ake yi da sunansa, amma sai an sa mutum barci an yanka ciki, alhali mafi yawan masu buƙatar bututun sun yi raunin da ba za su jure wa babbar tiyata ba.

Sauyin ya zo a watan Yunin 1979, a asibitin yara na birnin Kiliblan a jihar Ohayo. Likitan tiyatar yara Michael Gauderer da abokin aikinsa Jeffrey Ponsky suka sa wa wani jariri ɗan wata huɗu da rabi bututu ba tare da buɗe ciki ba. Dabarar tana da ban sha'awa. Ana zura na'urar leƙen ciki mai fitila ta baki har tumbi, a hura iska tumbin ya kumbura ya manne da bangon ciki. Hasken fitilar yana fitowa ta fata kamar tocila a cikin tafin hannu, likita ya san inda zai soka allura. Ta allurar ake tura zare, a kamo shi daga ciki a fito da shi ta baki, a ɗaura masa bututun, sannan a ja zaren daga waje. Bututun ya gangara ta maƙogwaro ya fito ta fatar ciki, wani ɗan faifai mai laushi da ke ƙarshensa ya tsaya a cikin tumbi ya hana shi ficewa. Wannan shi ake kira PEG, kuma yau ana yin sa a duk duniya.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai wanda ake sawa da taimakon hoton ciki ga wanda ciwon daji ya toshe wa maƙogwaro. Akwai wanda 'yar balan-balan mai ruwa ke riƙe da shi daga ciki a madadin faifai. Akwai gajere mai kama da maɓallin riga, wanda yara da matasa suka fi so domin yana ɓuya a ƙarƙashin tufafi. A ido duk suna kama da juna, amma kulawarsu ta bambanta, kuma darasin farko ke nan: ma'aikaciya ta san ainihin irin bututun da ke jikin mutumin da ke gabanta.

Masu buƙatarsa iri-iri ne. Akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye haɗiya ta gagare shi, akwai mai ciwon dajin baki ko maƙogwaro, akwai mai cutar da ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali, akwai wanda hatsarin mota ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, akwai yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne abinci yana kauce wa hanyarsa ya faɗa hanyar iska. Lafiyayyen mutum idan ya ƙware sai ya yi tari ya fitar. Wasu daga cikin waɗannan ko tarin ba sa yi, abinci ya sauka huhu shiru, bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe su.

Wa ya ba ta izini?

A Ingila, sabon ma'aikacin kula yana farawa ne da wata takardar shaida da aka ƙirƙiro a 2015, wadda ta ƙunshi tsafta, kare mutuncin majinyaci, abinci da ruwan sha, da taimakon gaggawa. Ciyarwa ta bututu ta wuce wannan matakin. Asalinta aikin nas ne, sai dai nas tana iya miƙa shi ga ma'aikaciyar kula, da sharaɗin ta tabbatar wadda ta miƙa wa ta iya, kuma alhakin wannan shawara yana nan a wuyanta. A 2023 ƙungiyar Skills for Care, mai kula da horon ma'aikatan wannan fanni, ta fitar da ƙa'idojin irin wannan miƙa aiki. Hukumar CQC, mai sa ido kan gidajen kula, tana da ikon tambayar shugaban gida ya nuna shaidar cewa duk wanda ke taɓa bututu an horar da shi, an kuma gwada shi.

Horo mai kyau hawa uku ne. Ana farawa da aji, a ga hoton tumbi da hanji, a riƙe bututu iri-iri a hannu, a gwada tura ruwa a jikin mutum-mutumin roba. Sannan sabuwar ma'aikaciya ta tsaya ta kalli nas tana yi wa mutum na gaske. Hawa na uku shi ne ta yi da hannunta nas tana kallo, sau da yawa, a jikin ainihin wanda za ta riƙa kula da shi, da na'urarsa da abincinsa da magungunansa, har nas ta gamsu ta sa hannu. Galibi ana sabunta wannan gwaji duk shekara. Masu koyarwar su ne nas-nas na unguwa, masana abincin marasa lafiya, da nas-nas na kamfanonin da ke kai abincin gida-gida, irin su Nutricia da Abbott da Fresenius Kabi.

A takarda tsarin ya yi kyau. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan kula a Ingila suna barin wurin aikinsu duk shekara, saboda haka gidan da ya horar da mutum takwas a watan Janairu yana iya wayar gari a watan Disamba da shida. Ga aikin dare, lokacin da ma'aikata suka yi ƙaranci kuma na'urar ciyarwa ta fi yawan aiki. Ga ma'aikatan haya da ake kirowa su cike gurbi, waɗanda ba su taɓa ganin majinyacin ba. Akwai kuma jarabar ɗaukar darasin intanet na awa ɗaya a matsayin horo. Darasin yana da amfani, amma wanda ya danna amsoshi a waya bai taɓa jin yadda sirinji ke turjewa a hannu idan bututu ya fara toshewa ba, kuma takardar da ya samu ba ta sa ya iya ba.

Ƙananan abubuwan da ke kashewa

Mafi yawan abin da ake koyarwa ƙananan abubuwa ne, irin ɗan hakin da ka raina. Na farko zama. Ba a ciyar da mutum yana kwance shame-shame. Ana ɗaga kansa da ƙirjinsa aƙalla digiri 30, zuwa 45 in ya yiwu, a bar shi haka rabin awa zuwa awa ɗaya bayan an gama. Bututu bai hana abinci dawowa sama daga tumbi ba, in ya dawo kuwa huhu zai nufa. Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen sauya zanin gado ko tsaftace mutum da dare: a kwantar da gadon a manta na'ura tana ci gaba da tura abinci. Ana koya wa ma'aikaciya ta tsayar da na'urar kafin ta taɓa gadon, ta kuma tuna ta kunna bayan ta gama.

Na biyu ruwa. Kafin abinci da bayansa, kafin magani da bayansa, da tsakanin kowane magani da wani, sai an wanke bututun da ruwa, galibi mililita 30 zuwa 50 ga babba, gwargwadon abin da masanin abinci ya rubuta. Ana amfani da babban sirinji mai cin mililita 60, domin ƙaramin sirinji ƙarfin turinsa ya fi yawa, yana iya fasa robar. Idan bututu ya toshe, ruwa mai ɗumi ake sawa, a tura a jawo a hankali, a murza robar tsakanin yatsu. An daɗe ana yaɗa cewa lemon kwalba mai gas yana buɗe bututu. Masana sun hana, domin tsaminsa yana sa abincin da ke ciki ya guntse kamar madarar da aka ɗiga wa lemon tsami. Zura waya ko tsinke kuwa haramun ne a wannan aiki.

Toshewa tana da wani haɗari da sabon ma'aikaci ba zai hango ba. Mai ciwon suga da aka yi wa allurar insulin bisa lissafin abincin da zai shiga, in bututu ya toshe abincin bai shiga ba, sugansa zai faɗi ƙasa. Mutumin da ba ya magana ba zai ce yana jin jiri ba.

Magani shi ne inda ilimi ya fi zurfi. Ba kowace ƙwaya ake dakawa ba. Akwai wadda aka yi ta domin ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan cikin awa 12 ko 24. In aka daka ta, maganin yini guda ya shiga jini lokaci ɗaya. Akwai mai rufin da ke kare ta daga ruwan tumbi, wadda in aka daka ta rufin ya zama danƙo ya toshe roba. Ba a haɗa magunguna a daka tare, ba a zuba magani cikin abincin. Maganin farfaɗiya mai suna fenitoyin ba ya jituwa da abincin bututu, shi ya sa ake tsayar da abinci kamar awa biyu kafin a ba da shi da kuma bayansa. Ba a buƙatar ma'aikaciyar kula ta haddace duk wannan. Abin da ake so ta riƙe shi ne kada ta daka abin da likita da mai harhaɗa magunguna ba su rubuta cewa a daka ba, in sabon magani ya zo kuma ta tambaya kafin ta ba da shi.

Ko launin sirinjin yana da tarihi. An sha samun mace-mace a asibitocin duniya saboda an ɗauki maganin sha ko abincin bututu an tura ta jijiyar jini, domin bakin sirinjin iri ɗaya ne. A 2007 hukumar kare lafiyar majinyata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka, aka koma amfani da sirinji mai launin shunayya domin ciyarwa kawai. Bayan wasu shekaru aka fito da mahaɗi mai suna ENFit, wanda ake murɗawa, kuma ba ya shiga robar ƙarin ruwa ko da an tilasta shi. An gane cewa gajiyayyen ma'aikaci da ƙarfe uku na dare yana iya kuskure komai iliminsa, sai aka ƙera kayan yadda kuskuren ba zai yiwu ba.

Sai kula da bakin ramin. Kullum ana wanke shi a tsane shi, a duba ko ya yi ja, ko yana fitar da mugunya, ko wani jan nama mai saurin jini ya tsiro a gefensa. Bayan ramin ya warke, bututu mai faifai yana buƙatar a sassauta abin da ya riƙe shi daga waje, a ɗan tura shi ciki, a juya shi zagaye guda, a jawo shi a mayar, aƙalla sau ɗaya a mako. In ba a yi ba, naman tumbi yana iya tsirowa ya binne faifan, har sai an koma asibiti an tono shi. Amma akwai bututun da ke da wani siriri a cikinsa da ya zarce zuwa hanji, shi kuwa juya shi ɓarna ce. Mai balan-balan kuma ana zuƙe ruwanta duk mako a auna a mayar, domin in ta sace bututun zai zame ya faɗo.

In ya faɗo, agogo ya fara gudu. Ramin da ya shekara a buɗe yana iya fara rufewa cikin 'yan awoyi. Wanda bai kai wata guda ba kuwa ya fi haɗari, domin tumbi bai gama mannewa da bangon ciki ba, mai ƙoƙarin mayar da bututu yana iya tura shi cikin kogon ciki. Shi ya sa kowane majinyaci yake da rubutaccen tsari: wa za a kira, a wace lamba, ina bututun ajiya yake, da rana da kuma tsakar dare.

Darasin da ya fi kowanne nauyi ya fito ne daga mutuwar mutane. A 2010 hukumar kare lafiyar majinyatan nan ta bayyana cewa daga Oktoban 2003 zuwa Janairun 2010 ta samu rahoton mutum 11 da suka mutu da wasu 11 da suka yi mummunar jikkata saboda an yi jinkirin gane matsala bayan sa bututu. Wasu an sallame su daga asibiti, suna kukan ciwo, aka ci gaba da ciyar da su ana cewa zafin tiyata ne, alhali abincin yana malala cikin kogon ciki. Hukumar ta kafa alamomin da za a manna a takardun duk wanda aka sa wa bututu, musamman cikin awa 72 na farko: ciwo lokacin ciyarwa, ciwo mai tsanani ko wanda ya ƙi lafawa, sabon jini, ko abin cikin tumbi yana fitowa ta gefen roba. Duk wanda ya ga ɗaya, ya tsayar da abinci da magani nan take ya nemi babban likita.

Wannan yana buƙatar abin da ya wuce ilimi. Ma'aikaciyar da ta zo ƙasar wata shida da suka wuce, wadda bizarta ke ɗaure da mai gidan da take wa aiki, wadda kuma ta taso inda ba a musu da na gaba, ita ake so ta kashe na'ura da tsakar dare ta ɗaga waya ta tashi nas daga barci. Horon da bai ba ta wannan ƙarfin gwiwa ba, da shugabancin da ke harararta in ta kira aka tarar ba komai, sun bar aikin a rabi.

Mutum ne, ba buhu ba

Roger Ebert, shahararren mai sharhin fina-finai na birnin Shikago, ya rasa wani ɓangare na muƙamuƙinsa a 2006 sanadin ciwon daji. Daga nan har rasuwarsa a 2013 bai ƙara ci ko sha ko magana ba, ta bututun ciki ya rayu, yana rubutu, har ya wallafa littafin girki a 2010. Ya rubuta cewa ba abincin ya fi kewa ba, zaman cin abincin ne, hira da raha da ake yi a kan tebur. Bahaushen da ya saba da cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwansa ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Shi ya sa masu horo na ƙwarai ke nanata a tambayi mutum ko yana so ya zauna tare da jama'a lokacin cin abinci, ko ƙamshin yana ƙona masa rai ya fi son ɗakinsa. A gaya masa abin da za a yi kafin a yaye masa riga, ko da ba ya iya amsawa. Wasu ƙwararre kan haɗiya yana yarje musu ɗanɗanon cokali ɗaya ko biyu, wasu kuwa ko ɗigon ruwa an hana, kuma tausayin da zai sa a ba su a ɓoye yana iya zama ajalinsu. Baki ma ba a barinsa don ba ya cin abinci. Yana bushewa, ƙwayoyin cuta su taru, yawu ya kai su huhu, saboda haka goge haƙora sau biyu a rana yana cikin rigakafin ciwon huhu. Musulmin da ke kan bututu kuma, in azumi ya zo, akwai maganar da za a yi da shi da iyalinsa da likitansa, tunda abin da ke shiga ciki abinci ne, kuma addini ya yi wa marar lafiya sauƙi. Ma'aikaciyar da ta san wannan tana iya zama gada tsakanin iyali da gidan kula.

Akwai kuma 'yancin ƙi. Dokar Ingila da Wales ta 2005 kan hankalin yanke shawara ta ce baligi mai hankalinsa yana iya cewa ba ya so, ko da wasu suna ganin kuskure ne. In ya ture hannun ma'aikaciya, ba ta danne shi; ta tsaya, ta rubuta, ta sanar.

Bututun ma ba kowa yake wa amfani ba. Binciken da hukumar NCEPOD ta Birtaniya ta buga a 2004 ya duba mutum 719 da suka mutu cikin kwana 30 bayan an sa musu shi, ya tarar kashi 43 cikin ɗari sun mutu a makon farko, kuma masu binciken suka ga kashi 19 cikin ɗari tun farko bai kamata a yi musu ba. Wani babban gwaji da aka jagoranta daga Edinbara, wanda aka buga a 2005, ya nuna cewa a makonnin farko bayan shanyewar ɓarin jiki robar ciyarwa ta hanci ta fi bututun ciki dacewa. A 2018 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar kada a riƙa sa bututu haka kawai ga wanda cutar mantuwa ta yi wa nisa, domin babu hujjar cewa yana tsawaita masa rai ko ya sauƙaƙa masa. Ma'aikaciyar kula ba ita ke yanke wannan hukunci ba, amma ita iyali ke tarewa a baranda da tambayoyi.

A gida, mai jinya ne ma'aikacin

A arewacin Najeriya da Nijar babu rundunar ma'aikatan kula masu albashi. Akwai mai jinya: mata, 'ya, ƙanwa, ko ɗan da ya ajiye kasuwarsa ya shimfiɗa tabarma a gefen gado. Robar hanci aka fi sani, wadda ake ɗura wa majinyaci kunu da madara ta cikinta, amma manyan asibitocin koyarwa suna sa bututun ciki. Wani dalili na musamman da ke sa a buƙace shi a Afirka ta Yamma shi ne sodar haɗa sabulu. Ana jiƙa ta a ajiye a robar ruwa ko kwano, yaro ya ɗauka ruwa ne ya kurɓa, ta ƙona masa hanyar abinci, bayan makonni hanyar ta tsuke har yawu ya gagara wucewa. Irin waɗannan yara sukan yi watanni ko shekaru a kan bututu kafin a gyara musu hanyar, kuma uwa ce ke ciyar da su.

Abincin kwalba na kamfani ya fi ƙarfin aljihun yawancin iyalai, saboda haka abincin gida ake niƙawa a tace. Abin sha'awa, Turai ma ta fara dawowa kan wannan. Iyayen yara a Birtaniya sun daɗe suna niƙa abincin gida su ba 'ya'yansu duk da ƙin amincewar asibiti, har ƙungiyar masana abincin ƙasar ta sauya matsayinta a 2019 ta yarda a tallafa musu. Sai dai kunu zalla ba ya riƙe babban mutum, musamman in an tsinka shi da ruwa domin ya wuce ta roba: ciki ya cika, jiki yana ramewa. Sai an ƙarfafa shi da waken suya, gyaɗa, madara, dafaffen ƙwai, kifi da mai, bisa awon da masanin abinci ya bayar. A zafin watan Afrilu kuma, in babu wutar firji, abin da aka niƙa da safe ba ya kaiwa azahar. A dama kaɗan, a bayar, abin da ya wuce awa biyu a ajiye a zubar. Ruwan wanke bututu a tafasa shi ya huce.

Hawa ukun nan na horo ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Kafin a sallami majinyaci, nas ta nuna wa mai jinya, mai jinya ta yi nas tana kallo, har sau uku ko huɗu, a kuma koya wa mutum biyu a gidan domin ɗaya yana iya yin tafiya ko rashin lafiya. A rubuta musu da Hausa, da boko ko da ajami, yawan abinci da ruwa, da alamomin da ke sa a tsaya, da lambar da za a kira. A ba su sirinji na ajiya. Wanda gidansa ke tafiyar awa huɗu daga asibitin da aka sa bututun kuma, a gaya masa tun kafin ya hau mota wane asibiti ne mafi kusa da zai nufa idan robar ta faɗo da dare.